Kuala Lumpur: Dalilan ziyartar babban birnin Malesiya

Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya, na ɗaya daga cikin biranen nahiyar Asiya da Musulmi daga sassa daban-daban na duniya suka fi kai wa ziyara, walau don yawon buɗe ido, ko kasuwanci, ko neman ilimi, ko neman magani.

Birnin, wanda mazaunansa ke taƙaita sunansa da KL, yana da mutane kusan miliyan 2 bisa ƙidayar shekarar 2020. Idan aka haɗa da garuruwan da ke kewaye da shi, adadin ya kai kimanin miliyan 8.

Ga matafiyi daga Najeriya ko Nijar, tafiyar na da nisa kuma tana cin kuɗi. Amma akwai abin da birnin ke nunawa wanda ba kasafai ake samunsa a wuri guda ba, wato yadda wata ƙasa mai rinjayen Musulmi, wadda ta fita daga mulkin mallakar Birtaniya shekaru 3 kacal kafin Najeriya, ta gina birni na zamani ba tare da ta yar da addininta da sarautunta ba.

Asalin birnin

A harshen Malay, ma'anar Kuala Lumpur ita ce mahaɗar ruwa mai taɓo. Sunan ya samo asali ne daga inda kogin Klang da kogin Gombak suka haɗu, a tsakiyar birnin na yanzu.

A wajajen shekarar 1857 ne wani basarake na masarautar Selangor, Raja Abdullah, ya tura Sinawa masu haƙar ma'adinai su 87 domin neman kuza a wannan daji. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe mafi yawansu, amma an samu kuzar, kuma 'yan kasuwa suka biyo baya suka kafa rumfuna a bakin kogin.

Garin ya sha fama da yaƙin basasa da gobara da ambaliya. Shugaban Sinawan garin daga 1868 zuwa 1885, Yap Ah Loy, shi ne ya yi ta sake gina shi bayan kowace masifa. Bayan gobara da ambaliyar 1881, wakilin Birtaniya Frank Swettenham ya ba da umarnin a daina gini da katako da ciyawa, a koma amfani da bulo.

A 1896 garin ya zama hedkwatar tarayyar masarautun Malay da ke ƙarƙashin Birtaniya. Kamar yadda suka yi a arewacin Najeriya, Turawan sun bar sarakuna a kan karagarsu, suka ba su ikon kula da al'amuran addini da al'ada, su kuma suka riƙe sauran ragamar mulki.

Har ma akwai jami'an da suka yi aiki a ƙasashen biyu. Hugh Clifford, gwamnan Najeriya daga 1919 zuwa 1925, wanda ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, a ƙasar Malay ya fara aiki, kuma can ya koma ya zama gwamna a 1927.

Baƙon da ke son ganin wannan tarihi da idonsa zai iya farawa da dandalin Dataran Merdeka, inda aka sauke tutar Birtaniya da tsakar daren da aka wayi gari ranar 31 ga watan Agustan 1957. A gefen dandalin akwai ginin Sultan Abdul Samad na 1897, mai ƙubbobin tagulla da hasumiyar agogo, wanda ya kasance sakatariyar gwamnatin mallaka.

Sauƙin ibada

Dalili na farko da Musulmi da dama ke bayarwa na zaɓen Kuala Lumpur shi ne sauƙin yin salla a kan lokaci.

Tsarin mulkin Malesiya ya ayyana Musulunci a matsayin addinin tarayya, tare da bai wa mabiya sauran addinai damar yin nasu. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa Musulmi su ne kashi 63.5 cikin 100 na al'ummar ƙasar.

Da wuya a shiga babban kanti, ko tashar jirgin ƙasa, ko gidan mai, ko filin jirgin sama, ba a tarar da ɗakin salla ba. Ana kiran irin wannan ɗaki surau, kuma galibi akwai ɓangaren maza da na mata, kowanne da wurin alwala. A ɗakunan otal kuma akan manna kibiya a jikin silin da ke nuna alƙibla.

Wannan kibiya na da amfani ga Bahaushe, wanda ya saba kiran alƙibla gabas. A Kuala Lumpur, Makka na yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa.

Da yake birnin na kusa da tsakiyar duniya, lokutan salla ba sa canzawa sosai. Asuba kan kama wajen ƙarfe 6 na safe, magariba kuma bayan ƙarfe 7 na yamma, rani da damina.

Musulmin Malesiya na bin mazhabar Imam Shafi'i ne. Wanda ya taso a mazhabar Malikiyya zai lura cewa liman na bayyana Bisimilla a cikin Fatiha, yana kuma yin alƙunutu a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u a sallar asuba.

Masallatan birnin su kansu abin kallo ne. Masjid Jamek, wanda aka buɗe a 1909, yana daidai mahaɗar kogunan nan biyu inda garin ya fara. Masallacin Ƙasa, wato Masjid Negara, an kammala shi a 1965, yana ɗaukar masallata 15,000, rufinsa ya yi kama da buɗaɗɗiyar lema, hasumiyarsa kuma ta kai tsawon mita 73. Akwai kuma Masjid Wilayah da aka buɗe a shekarar 2000, wanda aka kwaikwayi tsarin masallatan Daular Usmaniyya na Istanbul wajen gina shi.

Tun daga 1961 ƙasar ke shirya musabaƙar karatun Alƙur'ani ta duniya a kowace shekara, wadda firaministan farko Tunku Abdul Rahman ya assasa. Tana cikin musabaƙu mafi daɗewa a duniya, kuma maza da mata ke shiga.

Gidan tarihin fasahar Musulunci

Kusa da Masallacin Ƙasa akwai gidan adana kayan fasahar Musulunci, wanda aka buɗe a watan Disambar 1998, kuma shi ne mafi girma irinsa a kudu maso gabashin Asiya.

A cikin zauruka 12 na gidan akwai dubban kayayyaki, da suka haɗa da tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu, da tufafi, da makamai, da tangaran, da tsabar kuɗi. Akwai kuma zauren da aka jera ƙananan siffofin manyan masallatan duniya, ciki har da na Makka da na Madina.

Abin da ya bambanta gidan da takwarorinsa na Turai da Gabas ta Tsakiya shi ne fifikon da ya bai wa Musulmin Sin da Indiya da tsibiran Malay, waɗanda sau da yawa akan manta da su idan ana batun wayewar Musulunci.

A nan ne baƙo zai ga rubutun Jawi, wato harshen Malay da haruffan Larabci, tamkar dai ajamin Hausa. Wani dutse da aka gano a jihar Terengganu, wanda masana suka ce an rubuta shi a farkon ƙarni na 14, na cikin tsofaffin shaidun wannan rubutu. Yanzu an fi amfani da boko, amma ana koyar da Jawi a makarantu, ana kuma ganinsa a takardun kuɗin ƙasar da allunan wasu tituna.

Kalmomin da harsunan biyu suka aro daga Larabci ma sun yi kama. Sunayen ranaku a harshen Malay su ne Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu da Ahad. Suna cewa dunia, da sabun, da kubur, inda Bahaushe ke cewa duniya, da sabulu, da kabari.

Abinci na halal

Matsalar da takan dami Musulmi matafiyi a biranen gabashin Asiya ita ce abinci. A Kuala Lumpur wannan damuwa ta ragu ƙwarai.

Tun a shekarun 1970 hukumomin addini suka fara ba da takardar shaidar halal. A yau hukumar raya addinin Musulunci ta ƙasar, JAKIM, ita ce ke kula da wannan aiki, kuma tambarinta na cikin waɗanda aka fi amincewa da su a kasuwannin duniya. Ana duba yanka, da kayan haɗi, da tukwane, da ma yadda ake ajiye kaya da dakonsu.

Abincin da ya fi shahara shi ne nasi lemak, wato shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, ana cinta da miyar barkono, da soyayyar gyaɗa, da ƙananan busassun kifi, da ƙwai, da kokwamba. Akwai satay, wanda tsire ne na kaza ko na sa a jikin tsinke, ana tsoma shi a miyar gyaɗa mai ɗan zaƙi. Akwai kuma rendang, naman da ake dafawa da kwakwa da kayan ƙamshi har ruwansa ya ƙone.

Gidajen abincin da ake kira mamak, na Musulmi 'yan asalin kudancin Indiya, da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Nan ne ake cin roti canai, wata gurasa mai laushi da ake soyawa a kan faffaɗan ƙarfe, a sha teh tarik, shayin madarar da ake ɗagawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, kamar yadda mai shayi ke yi a kowace tasha a ƙasar Hausa.

A watan azumi unguwanni kan cika da kasuwannin buɗa-baki tun daga la'asar. A masallacin unguwar Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malay da har yanzu ke da gidajen katako a tsakiyar dogayen benaye, ana raba wani faten shinkafa mai nama da ake kira bubur lambuk kyauta ga duk wanda ya zo. Idan Salla ta zo kuma, akwai al'adar buɗe gida, inda iyalai da shugabanni ke karɓar baƙi ko da ba Musulmi ba ne.

Sai dai ba duk abincin birnin ne halal ba. Gidajen abincin Sinawa da dama na sayar da naman alade, ana kuma sayar da barasa a otal-otal da wasu unguwanni kamar Bukit Bintang. A manyan kantuna akan ware wa irin waɗannan kayayyaki sashe na dabam. Abin da ya kamaci baƙo shi ne ya duba tambarin halal ko ya tambaya.

Dogayen gine-gine

Hoton da ya fi fitar da sunan birnin a duniya shi ne na tagwayen benayen Petronas, mallakar kamfanin man fetur na ƙasar. Tsawon kowanne mita 452 ne, da hawa 88, kuma su ne suka fi kowane gini tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004, lokacin da ginin Taipei 101 na Taiwan ya zarce su.

César Pelli, ɗan asalin Ajantina, shi ne ya zana su a zamanin firaminista Mahathir Mohamad. Ya ɗora tsarin kowane hawa a kan tauraro mai tsini 8, irin wanda ake gani a zanen masallatai da gefen shafukan Alƙur'ani. Kamfanonin Japan ne suka gina ɗaya, na Koriya ta Kudu suka gina ɗayan. Wata gada ta haɗa su a hawa na 41 da na 42, kuma ana barin masu ziyara su hau ta bayan sun sayi tikiti.

A watan Janairun 2024 aka buɗe ginin Merdeka 118, mai tsawon kusan mita 679, wanda ya zama na biyu a duniya bayan Burj Khalifa na Dubai. An gina shi ne kusa da filin wasan da Tunku Abdul Rahman ya shelanta 'yancin kai.

Hasumiyar sadarwa ta Menara KL kuma, mai tsawon mita 421, tana kan wani tudu da ke da ragowar tsohon dajin da ya taɓa rufe yankin. Tana cikin wuraren da hukumomi ke hawa domin duban watan Ramadan da na Shawwal.

Bankin Musulunci da adashin Hajji

Masu sha'awar harkar kuɗi bisa tsarin shari'a na ɗaukar Kuala Lumpur a matsayin ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin wannan fanni.

Labarin ya fara ne da aikin Hajji. A da, manoman Malay kan sayar da gona ko dabbobi domin zuwa Makka, su dawo cikin talauci, ko kuma su ɓoye kuɗi a gida saboda gudun riba. Wani masanin tattalin arziki, Ungku Abdul Aziz, ya ba da shawarar kafa asusun da zai tara musu kuɗin, ya juya su ta hanyar halal. An kafa asusun a 1963, kuma shi ne aka sani da Tabung Haji, wanda a yau ke da masu ajiya kimanin miliyan 9.

Asusun ya shiga matsalar kuɗi da ta fito fili a 2018, har sai da gwamnati ta sa hannu. Haka kuma masu ajiya kan jira shekaru masu yawa kafin layi ya zo kansu, saboda kujerun da Saudiyya ke bai wa ƙasar ba su wuce kimanin 31,600 ba a 2024. Duk da haka ƙasashe da dama sun yi koyi da tsarin. Hukumar alhazan Najeriya ta ƙaddamar da nata shirin adashin gata a Kano a 2020.

An buɗe Bank Islam, bankin Musulunci na farko a ƙasar, a 1983. Malesiya ta daɗe tana kan gaba a duniya wajen fitar da takardun sukuk, irin waɗanda gwamnatin Najeriya ta fara fitarwa a 2017, na naira biliyan 100, domin gina hanyoyi. A Kuala Lumpur ne hedkwatar hukumar da ke tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci ta duniya take, wadda aka kafa a 2002, kuma Babban Bankin Najeriya mamba ne a cikinta.

Ilimi da lafiya

Dubban 'yan Najeriya sun yi karatu a Malesiya tun daga shekarun 2000, kuma da yawa daga malaman jami'o'in arewa a can suka yi digiri na biyu ko na uku.

Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka kafa a 1983 kuma babbar harabarta ke Gombak a gefen birnin, tana koyarwa da Turanci da Larabci. Jami'ar Malaya ita ce mafi tsufa a ƙasar. Akwai kuma INCEIF, wadda Babban Bankin Malesiya ya kafa a 2005 domin koyar da harkar kuɗi ta Musulunci kaɗai.

Abin da ke jan ɗalibai shi ne kuɗin makaranta da na zama sun yi ƙasa da na Ingila ko Amurka, ga shi kuma ana jin Turanci a ko'ina cikin birnin. Amma an sha samun ƙananan kwalejoji marasa inganci da dillalan da ke yaudarar ɗalibai. Ya kamata mai niyya ya tabbatar hukumar tantance kwasa-kwasai ta ƙasar, MQA, ta amince da kwas ɗin kafin ya biya ko sisi.

Ta fuskar lafiya, baƙi fiye da miliyan 1 ne suka je neman magani a ƙasar a 2019, mafi yawansu daga Indonesiya. Cibiyar kula da ciwon zuciya ta ƙasa, da aka kafa a Kuala Lumpur a 1992, na cikin asibitocin da suka yi suna a yankin.

Darasin manja

Tun daga filin jirgin sama na Sepang, mai nisan kimanin kilomita 50 kudu da birnin, matafiyi zai fara ganin gonakin kwakwar manja a jere har iya ganinsa.

Asalin wannan itace Afirka ta Yamma ne. Akwai labarin da ya yaɗu a Najeriya cewa a shekarun 1960 ne Malesiya ta zo ta karɓi irinsa. Tarihi ya nuna cewa itacen ya isa yankin tun kafin nan. An kai shi wani lambu a tsibirin Java a 1848, ya shiga ƙasar Malay a shekarun 1870 a matsayin itacen ado, sannan aka fara nomansa don kasuwa a jihar Selangor a 1917. Amma gaskiya ne cewa a 1973 masu binciken Malesiya, tare da takwarorinsu na Najeriya, sun tattara iri daga dazuzzukan Najeriya domin inganta nasu.

A farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya a harkar manja. A yau Malesiya na samar da fiye da tan miliyan 18 a shekara, ita ce ta biyu bayan Indonesiya, yayin da abin da Najeriya ke samarwa bai kai tan miliyan 2 ba. Masana na danganta wannan da zuba kuɗi a bincike, da shirin gwamnati na raba wa talakawa filayen noma, da kuma kafa masana'antun tace man a cikin gida. Masu kare muhalli kuwa na kokawa kan dazuzzukan da aka sare domin waɗannan gonaki.

Kasuwanni da zirga-zirga

'Yan kasuwa kan nufi titin Tuanku Abdul Rahman da na Masjid India domin yadi da mayafai da hijabai da turare. Kantin Low Yat ya shahara da wayoyi da kwamfutoci. A Babbar Kasuwa, wadda aka kafa a 1888, ana samun kayan hannu da yadin batik mai zanen kakin zuma. Tun daga 2004 kuma ake gudanar da baje kolin kayayyakin halal na duniya mai suna MIHAS.

Jirgin ƙasa mai sauri na kai fasinja daga filin jirgin sama zuwa tashar KL Sentral cikin kimanin rabin sa'a. Daga nan layukan dogo na sama da na ƙarƙashin ƙasa sun ratsa birnin, kuma a wasu jiragen akwai taragon mata zalla. Motoci na bin hannun hagu ne, kuma cunkoso kan yi tsanani da safe da yamma.

Wani aikin da injiniyoyi ke zuwa gani shi ne ramin SMART da aka buɗe a 2007, mai tsawon kilomita 9.7. A ranakun da babu ruwa, wani sashensa hanyar mota ce. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi sai a rufe shi ga motoci, ya koma magudanar da ke janye ambaliya daga tsakiyar gari.

Zaman ƙabilu da addinai

Malay da Sinawa su ne mafi yawan 'yan birnin, sai Indiyawa da suka kai kusan kashi 10 cikin 100. A tafiyar 'yan mintoci daga Masjid Jamek mutum zai wuce wurin bautar Hindu da na Sinawa da majami'a.

Kimanin kilomita 13 arewa da birnin akwai kogunan dutse na Batu, wurin ibadar mabiya Hindu mai matakala 272, inda dubban ɗaruruwan mutane ke taruwa a bikin Thaipusam a watan Janairu ko Fabrairu.

Wannan zaman tare bai samu cikin sauƙi ba. A ranar 13 ga watan Mayun 1969 rikicin ƙabilanci ya ɓarke a birnin bayan zaɓe, inda alƙaluman gwamnati suka ce mutane 196 sun mutu. Bayan haka ne aka ɓullo da manufar tattalin arziki ta 1971, wadda ta bai wa Malay da sauran 'yan asalin ƙasar fifiko a karatu da aikin gwamnati da hannayen jari. Har yanzu ana muhawara a kanta, inda wasu ke cewa ta rage talauci, wasu kuma na ganin ta tauye Sinawa da Indiyawa.

Ƙasar ba ta tsira daga cin hanci ba. A 2022 aka kai tsohon firaminista Najib Razak gidan yari kan wata shari'a mai nasaba da badaƙalar asusun 1MDB.

Tsarin sarautar ƙasar ma abin lura ne. Sarakuna 9 ne ke karɓa-karɓar kujerar sarkin ƙasa duk bayan shekaru 5, kuma a watan Janairun 2024 Sultan Ibrahim na Johor ya hau. Fadarsa da majalisar dokoki na Kuala Lumpur, amma tun daga 1999 aka mayar da ofishin firaminista, daga baya kuma yawancin ma'aikatu, zuwa sabon birnin Putrajaya.

Abubuwan kiyayewa

'Yan Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru na buƙatar biza kafin su tashi, tare da katin rigakafin cutar shawara. Galibi akan bi ta Doha ko Dubai ko Istanbul ko Addis Ababa. Agogon Malesiya na gaba da na Najeriya da sa'o'i 7, kuɗin ƙasar kuma ringgit ne.

Dokar miyagun ƙwayoyi na da tsanani. Daga 1983 hukuncin kisa ya zama tilas ga wanda aka samu da laifin fataucinsu. A 2023 majalisa ta cire tilascin, amma har yanzu alƙali na da ikon yanke kisa, ko ɗaurin shekaru 30 zuwa 40 haɗe da bulala. Wani rahoton ƙungiyar Amnesty International na 2019 ya nuna cewa 'yan Najeriya fiye da 100 ne ke jiran hukuncin kisa a lokacin. Saboda haka bai kamata matafiyi ya karɓi saƙon da bai san abin da ke ciki ba, ko daga wa ya fito.

Laifukan wasu tsiraru sun shafa wa sauran kashin kaji. 'Yan Afirka mazauna birnin sun sha kokawa cewa wasu masu gidaje na ƙin ba su haya, jami'an tsaro kuma na yawan tsayar da su. Yana da kyau baƙo ya riƙa yawo da fasfonsa, kada kuma ya wuce wa'adin bizarsa.

Malamai su sani cewa ba a wa'azi ko karantarwa a masallaci sai da izinin hukumar addini, kuma hukumomin sun taƙaita yaɗa aƙidar Shi'a.

Yanayin birnin zafi ne da gumi duk shekara, tsakanin digiri 23 zuwa 33 a ma'aunin Selshiyos. Ana ruwa a kowane wata, amma ya fi yawa a watannin Maris da Afrilu, da kuma Oktoba zuwa Disamba. A Disambar 2021 ambaliya ta mamaye sassan birnin da jihar Selangor. A wasu shekarun hayaƙin ƙonon daji daga tsibirin Sumatra kan rufe sama kamar hazon hunturu, akwai kuma sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengue.

Kwanaki 4 ko 5 sun isa a zagaya muhimman wuraren birnin. Wanda ya samu ƙarin rana guda zai iya zuwa Melaka, tafiyar kimanin sa'o'i 2 a mota, tsohon birnin da masarautarsa ta yaɗa Musulunci a yankin a ƙarni na 15 kafin Turawan Portugal su ci ta da yaƙi a 1511.